Takardar Da Ban Aika Wa Yaya Binta Ba

Ban cika wata uku a Guangzhou ba na gane cewa sana'ata a garin nan saukar baƙi ce. A lokacin ban ga aibin hakan ba, har ƙirji nake bugawa. Kakana na wajen uba fatoma ne a Kano, wato mai masaukin fatake. Masu goro ke sauka a gidansa, ya ba su ɗaki, ya ciyar da su, ya nemo musu masu saye, in an gama ciniki su ba shi la'adarsa. Ban riske shi a duniya ba, amma na tashi ina jin ana cewa tukunyar gidansa ba ta sauka daga kan murhu. Da na ajiye aikin kamfani na taho China, niyyata ke nan, in zama fatoman zamani. Ɗan Kano ya sauka, in tarbe shi, in zaga da shi kasuwa, in loda masa kaya, ya ba ni kasona.

Na kama gida mai ɗaki biyu a unguwar Xiaobei, hawa na shida, ba lifta. Ɗaya nawa, ɗaya na baƙi, kuma na baƙin ne mai na'urar sanyaya ɗaki. Ofis kuwa, in har za a kira shi ofis, tebur ne da kujera biyu a kusurwar shagon wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji Isufu, a cikin benen kasuwar Tianxiu. Ya daɗe a garin yana tura kwantena Nijar. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan shan shayi. Shi ya ce in zauna a wurinsa, in riƙa biyan kuɗin wuta kawai.

Jarina bai taka kara ya karya ba, abin da na jingina da shi kati ne. Tun ina aiki a Kano wani banki ya bi mu ofis-ofis yana tallar katin bashi na dala. Kuɗin banki kake kashewa da shi, ƙarshen wata ka biya, in ba ka biya duka ba su ɗora maka ruwa a kan ragowar. Amma sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Ni yayata na kai wa fom ɗin, Yaya Binta, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Nas ce a asibitin gwamnati, albashinta ma a bankin yake shiga. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta biya min kuɗin jarabawa, ita ta yi min lefe. Na same ta a wurin aiki tana sauri, ta karɓi takardar ta ce, "Wannan ba abin kuɗin ruwa ba ne, Sabi'u?" Na ce in ana biya a kan kari ko kwabo ba sa ɗorawa, kuma saboda ɓacin rana kawai nake so. Ta jingina fom ɗin da bango ta sa hannu. Ba ta karanta ba, ni ma ban karanta ba.

A China ba a ganin kuɗi da ido. Waya kake miƙawa, ta yi ɗan ƙara, an gama. Na haɗa katin da wayata tun makon farko, daga nan ban ƙara jin zafin fitar kuɗi ba. Tasi zuwa filin jirgi, a miƙa waya. Layin waya na baƙo, a miƙa waya. Ga abinci, wanda shi ne ya fi cin mutum, don baƙon Kano ba ya cin abincin China. Ranar farko zai ce a kai shi ya gani, ya riƙe tsinkayen cin abincin nan biyu a yi masa hoto ya tura gida. Daga washegari sai ya ce tuwo. Tuwon shinkafa miyar kuka a Xiaobei akwai shi, a gidajen matan Afirka da ke dafawa a saman benaye, amma farantin mutum ɗaya sai ya ciyar da gida guda a Kano. Baƙo ya ci, ya side hannu, ya ce wallahi kamar a gida, ni kuma in miƙa waya.

Duk wannan da bai dame ni ba, da la'adar tana shigowa. A kasuwar tufafi ta Baima na fara ganin yadda ake yi. Na kai wani mai sayen dogayen riguna shagon wata 'yar China, muka yi awa biyu muna ja da ita a kan kalkuleta. Ta buga nata, in goge in buga nawa, ta kama kai ta ce meiyou, wato babu, mu juya kamar za mu tafi ta biyo mu. Da na sauko da ita inda nake so, baƙona ya ce bari ya kwana da shawara. Ban lura da lokacin da suka haɗa wayoyinsu suka karɓi lambar juna ba. Washegari da safe ya ce zai ɗan zaga ya miƙe ƙafa. Ashe can ya koma shi kaɗai, ya sayi kayan a farashin da na sha wahala na samo masa, wayarsa tana yi masa fassara. Ranar da zai tafi ya ba ni kilishi ƙulli ɗaya ya ce sai an sake zuwa.

Ba duka ne suke haka ba, akwai 'yan halak. Amma ko su ɗin, yawanci cewa suke, "In na koma zan turo maka." Su turo da naira, bayan wata biyu, lokacin da naira ta ƙara faɗuwa. Ni kuwa bashina da dala yake.

Alhaji Isufu yana kallon komai daga bayan kofin shayinsa. Wata rana ya ce, "Sabi'u, wanga abu da kaka yi, otal na ko kasuwa? Baƙo shi ci, shi sha, shi kwana, sannan ka zamna jiran shi tuna da kai? Hwaɗa mishi la'adarka tun daga hilin jirgi, in bai yarda ba shi nemi wani." Na yi dariya na ce, "Alhaji, mu a Kano ba a yi wa baƙo lissafi yana cikin gidanka." Ya ce, "Bon," da Faransancinsu na Nijar, wato to, ya ci gaba da shan shayinsa. Har ga Allah a ranar ganin marowaci na yi masa.

Shekarar farko ta wuce a haka. Garin ba ya yi wa baƙo sauƙi. Da damina kaya ba sa bushewa, ka shanya riga kwana uku ka ɗauko ta tana warin ruma. Ka fita ba fasfo a aljihu, gabanka na faɗuwa duk lokacin da ka hango kaki. A jirgin ƙasa wani lokaci kujerar da ke kusa da kai ita kaɗai za ta zauna ba kowa, jama'a na tsaye. Na bar matata da 'yata ƙarama a gidan iyayenta, ina ganin yarinyar ta waya tana koyon tafiya, tana kiran wayar da Baba. Kewar gida ta fi damuna ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da a Kano da gidan Yaya Binta zan wuce in ci dambu.

Akwai wata mata mai shagon taliya a lungunmu, Musulma ce daga arewacin ƙasarsu, kullum da ɗan kwalinta. Ba mu da yaren da muka haɗa sai sallama. Ita ce ta fara sanin katina ya cika, tun kafin ni in yarda. Na kai wani baƙo ya ci taliya da naman rago, na miƙa waya, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Baƙon yana tsaye a gefena yana sakace. Matar ta kalli allon, ta kalle ni, ta kalli baƙon, sai ta gyaɗa kai kamar kuɗin ya shiga, ta ce, "Xiexie, laoban," wato na gode, maigida. Muka fita baƙon yana cewa ashe har maigida suke ce min. Da na kai mata kuɗinta bayan kwana biyu, ta karɓa ta ƙara min ƙwai a kan taliyar. Har yau in na tuna matar nan sai na yi mata addu'a.

Daga nan na koma biyan mafi ƙarancin abin da banki ke karɓa a wata. Duk ƙarshen wata in haɗa ɗan abin da na samu in tura, saƙo ya shigo, in duba in ga uwar kuɗin tana nan inda take. Ruwan kawai nake sharewa. Abin ya dame ni ta fuska biyu. Ga asara, ga shi na san hukuncin riba, ba sai wani malami ya tuna min ba. In liman ya taɓo maganar a huɗuba sai in sunkuyar da kai, in ga kamar da ni yake.

Ana cikin haka, wata Talata bayan la'asar, lokacin da ake buɗe ofisoshi a Nijeriya, waya ta shigo daga banki. Mace ce, Bahaushiya, tana magana a tsanake. Ta ce bashina ya kai dala dubu shida da 'yan kai, kuma sun lura na daɗe ina tafiya a wuri ɗaya. Ta ce akwai hanya biyu. Ko dai in biya dubu uku da ɗari biyar a dunƙule cikin kwana talatin, su yafe sauran, su rufe katin, sai dai sunana zai ɗan jima a jerin waɗanda ba a ba bashi. Ko kuma in ci gaba da biyan wata-wata yadda nake yi.

Na ce, "Wannan na farkon, me ake buƙata?"

Ta ce, "Kuɗin, da sa hannu biyu a takardar sulhu. Naka da na wadda ta tsaya maka, Hajiya Binta."

Na ce, "Dole sai ita?"

"Dole ne, Malam Sabi'u. Kuma bari in tuna maka, in ka zaɓi wata-wata, ka kiyaye. Ka tsallake wata biyu a jere, banki na da ikon cire kuɗin gaba ɗaya daga asusunta. Yana cikin fom ɗin da ta sa wa hannu."

Na ajiye wayar. Yaya Binta ta shekara ashirin da biyu a gidan haya, tun kafin mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta sayi fili a bayan gari, tana gina shi da kaɗan-kaɗan, in ta samu ta sayi bulo ɗari, in ba ta samu ba ta jira. Ginin ya kai linta, saura rufi. Saura wata takwas ta yi ritaya, kuma duk dangi sun san giratutinta na rufin gidan nan ne. A asusun nan za a zuba shi.

Shagon ƙarami ne, Alhaji Isufu ya ji komai. Washegari da na zo, ya jawo durowa ya nuna min ambulan, ya ce, "Dubu ukku da ɗari biyar na ciki. Ba ruwa, ba takarda. Ka riƙa kula min da lodin kwantenata, muna cirewa sannu-sannu hal shi ƙare. Abu guda nika so, ka kira yayarka ka hwaɗa mata gaskiya, ta sa hannu. Ranar da ta sa, ka zo ka ɗauka."

Hawaye suka cika min ido. Na yi ta godiya, ya ɗaga min hannu ya ce in bari. Na je aka buga min takardar sulhun a wani shago a ƙasan benen, shafi ɗaya ce tal. Na sa hannuna a wurina. Abin da ya rage in ɗauki hotonta in tura wa Yaya, in kira ta in yi mata bayani.

Na ce sai gobe. Goben ta zo na ce sai Juma'a, ta fi sakewa. A tsakanin nan na yi kuskuren kai maganar wurin Ɗanliti, sa'ana ne ɗan Kano, shi ma irin aikina yake yi a hawa na uku na Tianxiu. Muna cin gasasshen nama a bakin titi na zayyana masa. Ya ajiye tsinkensa ya ce, "Haba mutumina! Ka ɗauki waya ka ce wa yayarka ka ci bashin banki da ruwa, ka cinye a tuwo? Kafin magariba duk danginku sun ji. Surukanka ma sai sun ji. Kai da ake cewa kana China?"

Na ce, "To ya zan yi?"

"Ka ci gaba da lallaɓa su wata-wata mana. Baje kolin Pazhou saura wata biyu. Ba kai ka ce Alhaji Mudi zai sauka a wurinka ba? Mutumin da ke ɗaukar kwantena biyar ta kayan sola? La'adarsa kaɗai ta share wannan bashin har ka yi canji. Kuma ka tuna in suka ɓata maka suna a banki, gobe ka tashi buɗe kamfani wa zai kalle ka? Sannan ka koma yaron Buzu kana masa lodi shekara guda. Wallahi ni dai ban ba ka shawara ba."

Ba zan ɗora wa Ɗanliti laifi ba. Abin da nake son ji ya faɗa min, shi ya sa na kai masa maganar. Duk da haka ban yanke ba. Kwana na goma sha tara na zauna a teburina da takardar a gabana, na rantse yau sai na kira. Ina riƙe da wayar sai ga kiranta ya shigo, na bidiyo. Tana tsaye a filin ginin da safiyarsu, rana na dukan fuskarta, tana dariya.

"Ɗan China! Tsaya ka gani." Ta juya wayar tana zagawa da ni. "Nan falo. Nan ɗakina. Wannan na kusa da ƙofa naka ne in ka zo da iyalinka, kada ka ce ban yi da kai ba. Kafinta ya zo jiya ya auna, ya ce in kuɗin ya fito sati uku ya gama rufi. Sabi'u, bana in Allah ya yarda ba zan biya haya ba."

Na ce, "Allah ya sa, Yaya. Ma sha Allah."

"Ka tambayo min kuɗin tayil da ƙofofi a can, an ce sun fi sauƙi. Ya na ga ka rame? Kana cin abinci kuwa?"

Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce, "To madalla, gara aiki ya yi yawa. Ni dai ina alfahari da kai, ka sani. Akwai magana ne? Na ga kamar kana son ka ce wani abu."

Takardar tana ƙarƙashin gwiwar hannuna. Na ce, "Babu komai, Yaya. Gaisuwa ce kawai."

A nan na yanke, ko da yake ban faɗa wa kaina haka ba. Na ce ai tausayinta nake ji, kada in ɓata mata farin ciki. Ƙarya nake. Kaina nake ji. Na kasa jure ta kalle ni ta ga ba ni ne wanda take alfahari da shi ba.

Kwana talatin suka cika. Na gaya wa Alhaji Isufu na ga gara in ci gaba da biyan wata-wata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ba ka kira ta ba ke nan." Ya ƙara da cewa, "Kunya kaka ji. To, Allah shi kyauta." Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma canja min fuska ba, shayi ma tare muka ci gaba da sha.

Alhaji Mudi ya sauka ana gobe buɗe baje koli. Babban mutum ne, mai jiki, ya kalli benen gidana daga ƙasa ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba. Na kama masa otal. Ban yi masa maganar wa zai biya ba, shi ma bai yi ba. Kuɗin da na tanada na banki na wannan watan na zuba a ciki, na ce ai wata ɗaya ne, ba a taɓa kowa sai an yi biyu.

Kwana tara ina bayansa a Pazhou da jakarsa a kafaɗata. Wurin girmansa ya wuce misali, ka yi tafiya tun safe har ƙafarka ta kumbura ba ka gama zaure ɗaya ba. Na tace masa kamfanoni sama da ashirin na fitar da biyu. Na ɗauki mota muka je masana'antar ɗaya a wajen gari, na sa aka buɗe batiran a gabansa, na gano inda suke rage nauyi, na sa suka gyara farashi. Yana ta cewa, "Sabi'u, kai ɗan albarka ne. Irinku muke nema." Sau biyu maganar Alhaji Isufu ta zo min, in faɗi la'adata tun kafin a sa hannu. Sau biyun na haɗiye. Ya za a yi in tsayar da mutum kamar Alhaji Mudi ina masa lissafi?

A filin jirgi ya riƙe hannuna ya ce ya yi magana da masu masana'antar, sun ce su da kansu za su yi lodi su tura har Legas, ba sai an wahalar da ni ba. Ya zaro kwalbar turare da hula ya ba ni, ya ce in ya isa gida zai ga abin da zai yi. Na tsaya ina kallonsa har ya shige. Na kira shi sau shida a watan nan. Sau ɗaya ya ɗauka, ya ce yana cikin taro.

Wata na biyu ya zo daidai da sabunta biza da kuɗin haya. In ban sabunta biza ba, kamu ne da tara da kora. Na biya biza. Na sayar da na'urar sanyaya ɗakin baƙi da agogona, abin da na haɗa bai kai rabin na banki ba. Na kira matar bankin na ce ina son tayin sulhun nan, yanzu a shirye nake, zan kira yayata yau. Ta ce, "Malam Sabi'u, wancan tayin ya wuce tun tuni. Na kira ka sau uku kafin ya rufe, ba ka ɗauka ba." Gaskiya ta faɗa, ina ganin kiran nake kifa wayar.

Na cire kunya na koma wa Alhaji Isufu. Ya buɗe durowar ya nuna min, ba komai ciki sai rasitai. Ya ce, "Na aje su wata biyu ina jiranka. Yanzu kuɗɗin na bisa teku, sun zama kaya." Duk da haka ya ba ni abin da ke aljihunsa. Na tura wa banki, bai cika adadin ba, kuma ranar ta riga ta wuce.

Ko a nan ina da dama in kira ta in ce, Yaya, ki je ki canja asusun da za a zuba miki kuɗi, ko aƙalla ki san abin da ke tafe. Ban kira ba. Na yi ta gaya wa kaina cewa giratuti a Nijeriya ba ya fita da wuri, wasu sai sun shekara uku suna jira, kafin nan na samu na cike. Nata ya fito wata biyu bayan ritayarta.

Ina Baima da wani baƙo, wajen ƙarfe biyar na yamma, kiranta ya shigo. Ba na bidiyo ba ne. Na koma gefen matattakala na ɗauka.

"Sabi'u, ina cikin banki." Muryarta a daidai take, ba kuka ba faɗa. "Na zo da kafinta in cire masa kuɗin katako da kwano. Sun ce abin da ya rage ba zai sayi katakon ba ma. Sun ce kai ne."

Na ce, "Yaya..."

"Tsaya. Yarinyar nan ta nuna min wata takarda a kwamfuta. Ta ce tun watannin baya sun ce ka biya kusan rabi su yafe sauran. Haka ne?"

"Haka ne."

"Ba ka samu kuɗin ba ne?"

Da na ce eh, da ta yarda. Na ce, "Na samu. Wani bawan Allah ya ba ni."

Ta ce, "To me ya hana?"

"Sai kin sa hannu."

"Sa hannuna." Ta maimaita a hankali. "Wanda na sa maka a tsaye a jikin bango ban ko karanta ba? Shi ne ya gagare ka roƙa? Ranar da nake zagawa da kai ina nuna maka ɗakinka, takardar tana wurinka?"

Na ce tana wurina.

Ta ce, "To. Bari in sallami kafinta, ya bar aikinsa ya biyo ni." Ta kashe.

Na zauna a kan matattakalar nan, 'yan dako suna ratsa ni da buhunan kaya, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu. Baƙona ya zo ya same ni ya ce ko rasuwa aka yi. Na ce a'a.

Daminar shekarar nan ta sauka a kan ginin ba rufi, bango ɗaya ya tsage. Yaya Binta ta sake biyan haya, ta koma aikin kwantiragi a wani asibitin kuɗi tana da shekara sittin. Ba ta gaya wa kowa a dangi ba. Da aka tambaye ta rufi, cewa ta yi kuɗin bai kai yadda ta zata ba. Asirin da na yi ta tsoron ya tonu, ita ta rufa min shi, kuma wannan ya fi min ciwo fiye da a ce ta tara dangi ta zage ni.

Na saki gidan Xiaobei na koma ɗaki ɗaya. Yanzu lodi nake yi wa Alhaji Isufu a kan albashi, aikin da na ƙi yi don kada a ce na zama yaron wani. In baƙo ya kira daga Kano, tun a waya nake faɗa masa la'adata, kuma abin mamaki yawancinsu ba sa ko musu. Duk ƙarshen wata ina tura wa Yaya abin da na iya. Takan rubuto, "Na gani." Muna gaisawa ranar Juma'a, ta tambayi aiki, in tambayi yara, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Sai dai ta daina kiran bidiyo, kuma ko an yi wani aiki a ginin, a bakin 'yarta nake ji.

Watan jiya, bayan na tura, na yi ƙarfin hali na kira ta. Na ce, "Yaya, ina so in san inda muka kwana. A lissafinki nawa ya rage?"

Ta ce, "Ni ba banki ba ce, Sabi'u. Ban rubuta ba."

Na ce, "To ya zan san ranar da na gama?"

Ina jin hayaniyar asibiti a bayanta, wani yana kiran nas. Ta ce, "Ana kirana. Ka gaida mutanen gida." Na riƙe wayar a kunne har ta mutu da kanta.